A Manchester tsohuwar jesi ta fi sabuwa daraja

Ƙanena, bayan gaisuwa, da fatan su Hajiya suna lafiya. Ka ce kana son fara tara kayan tarihin ƙwallo, in aiko maka da sabuwar jesin Arsenal. Zan aiko, amma bari ka ji yadda harkar take a nan tukuna.

A Ingila sabuwar jesin babban kulob ta kai fam 80, wani lokacin ta haura, kuma duk mai kuɗi zai shiga shago ya ɗauka. Shi ya sa masu tarawa ba su cika kula ta ba, tsohuwa suke farauta. Akwai kamfanin Classic Football Shirts da wasu ɗalibai biyu suka kafa a garin nan a 2006, sana'arsu ke nan. Gwanjo ne fa tsantsa, irin wanda ake zubewa a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, sai dai an wanke, an rataye, an rubuta shekarar kowace riga da lafiyarta. In lambar baya ta fara ɓarewa za su faɗa maka, kuɗin ya sauka. Rigunan Najeriya na 1994 da na gasar Olympics ta Atlanta 1996 suna cikin waɗanda ake rububi.

Abin da Bature ke biya shi ne hujja. Rigar da Maradona ya ci Ingila da hannu a 1986, ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya karɓe ta bayan wasan, ta yi shekaru a gidan tarihin ƙwallo na ƙasar. A 2022 aka sayar da ita fam miliyan 7.1 a kamfanin gwanjon kayan tarihi na Sotheby's, bayan an gwada ta da hotunan wasan an tabbatar ita ce. Ba don haka ba, shuɗiyar riga ce kawai.

Ta wajen ciniki sun fi mu. In ka saya a intanet daga shago, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar. A gida kuwa, da zarar ka bar rumfa an gama magana. Amma ta wajen araha da sa'a mu ne a gaba, domin mai gwanjo kyan yadi yake kallo, babu ruwansa da shekara. Ka riƙa zuwa ranar da aka fasa dila. Juya rigar, ka nemi ɗan ƙyallen da ke ciki ta gefen ƙasa mai ɗauke da lambar kamfani, ka buga lambar a Google. In hoton wata riga daban ya fito, jabu ce. Duba ɗinkin bajo ta ciki ma. Zare a cukurkuɗe ba alamar alheri ba ce. Sababbin da ake ratayewa a kasuwar Wunti yawancinsu kwaikwayo ne, sun isa zuwa gidan kallo, amma kada ka sa su a lissafi.

Ni dai a ganina da kayan gida ya kamata ka fara, waɗanda duk kuɗin mutum a nan ba zai same su ba. Wikki Tourists ta Bauchi ta ci kofin ƙalubale na Najeriya a 1998. An buga wasannin Kofin Duniya na matasa a filin Abubakar Tafawa Balewa a 1999, aka sake a 2009. Ina tikitocin? Ina hotunan da fastocin? Ka tambayi tsofaffin 'yan kwamitin magoya baya, wani yana da su a ƙasan akwati. A nan tikiti ya koma cikin waya, na takarda sai ƙara tsada yake yi.

Sa hannun ɗan wasa kuma, jabunsa ya yi yawa a nan, har da takardar shaidar ƙarya. Kai kuwa ƙofar fili kawai za ka tsaya bayan atisaye, ya sa maka hannu a gabanka, wani ya ɗauke ku hoto.

Ajiya ce za ta ba ka wuya: ƙurar hunturu, danshin damina, ga gara. Kada ka ba mai wanki, dutsen guga sau ɗaya ya isa ya narkar da lamba. Ka wanke da hannu a ruwan sanyi, a juye, ka shanya a inuwa. Takardu kuma a sa su a leda, a rubuta ranar wasan da inda ka samo su.