Katifar iska ko tabarmar soso: wacce za ka ɗaura wa keke?

Mai tafiya a keke da zai kwana a fili lokacin zafi, ba nauyin kaya kaɗai ke damunsa ba, har da yawan wurin da kayan za su cinye a kan keken.

A nan katifar iska ta yi zarra. Ka sace iskar ka naɗe ta, ba ta fi gorar ruwa ta lita 1 ba, sai ta shige jaka. Kaurinta kan kai santimita 6, mai kwanciya ta gefe ba zai ji tsakuwa na sukar ƙugunsa ba. Amma ƙaya ɗaya ta isa: tsakar dare ka farka a ƙasa, kana laluben huda da tocila.

Tabarmar soso ba ruwanta da ƙaya. Shimfiɗa, kwanta. Sai dai kaurinta bai wuce santimita 2 ba, kuma ba ta matsuwa, dole a ɗaure ta a bayan sirdi, iska na kaɗa ta.

Ni ta iska nake ɗauka, da faci a aljihu, don jikin da ya yini yana murza feda yana bukatar shimfiɗa mai laushi. Jakar barci kuwa, wato bargon da ake shiga cikinsa kamar jaka, mara kauri ta wadatar a lokacin zafi.