Fitilun motar hannun hagu a kan titin Ingila: sitika, buɗe fitila, ko canza su gaba ɗaya?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Ingila ya tambaya cewa ya sayo fitilun gaba na kasuwa, ba na kamfanin motar ba, daga wani dillali a Jamus. Bayan ya ɗaura su ne ya lura masu tahowa suna ta yi masa walƙiya da ful, a wajen gwajin MOT kuma, wato gwajin lafiyar mota na Ingila, aka ce dim ɗinsa yana hawa ta ɓangaren da bai dace ba. Yana son sanin wanne ya fi: ya manna sitika, ya buɗe fitilun ya gyara cikinsu, ko ya haƙura ya sayi wasu.

Malam, matsalar ba ta shafi inda sitiyari yake ba. Gefen titin da ake bi ne ke yanke hukunci. Hasken dim ba a kwance yake gaba ɗaya ba. Idan ka haska bango za ka ga layi a miƙe daga gefe guda, sannan ya ɗaga sama ta ɗaya gefen, ko dai da gangare na digiri 15 ko da ɗan tudu kamar matakala. An yi wannan ɗagowar ce don ta haska bakin titi, da allunan hanya, da mai tafiya a ƙasa. A Jamus ana bin dama, don haka hasken yana ɗagawa ta dama. Ka kai wannan fitilar Ingila inda ake bin hagu, ɗagowar ta faɗa daidai cikin idon direban da ke tahowa, bakin titinka kuma ya zauna cikin duhu. Musanya fitilar hagu da ta dama ba ya magance komai, domin duka biyun zane ɗaya suke fitarwa. Saukar da su ƙasa da sukurun saiti ma ba gyara ba ne: za ka daina kashe wa mutane ido, amma sai ka koma ba ka ganin nesa.

Kafin ka kashe ko kwabo, duba rubutun da ke jikin gilashin ko bayan fitilar. Kusa da harafin E da ke cikin da'ira akwai haruffa kamar HC, HCR ko DC. Idan babu kibiya a ƙarƙashinsu, fitilar ta ƙasashen da ke bin dama ce. Kibiya ɗaya da ke nuna damanka lokacin da kake fuskantar motar tana nufin ta masu bin hagu ce. Kibiya mai kai biyu kuwa albishir ce, domin an yi fitilar ta iya zama ko'ina. Irin wannan takan zo da ɗan lifa a jikin furojekta (ɓangaren da ke tattara haske ya fitar da shi ta ƙwayar gilashi), wanda ake kaiwa gare shi ta marfin baya, ko kuma mazaunin ƙwai mai matsayi biyu. Aikin minti biyar ne. Sai dai ka sani, a yawancin fitilu lifan yana kwantar da layin ne kawai ya zama a miƙe, ba ya juya ɗagowar zuwa hagu.

To, idan babu kibiya, sai a zo ga kwatancen.

Sitika ita ce mafi arha da sauri. Ana manna ta a wajen gilashi, daidai inda hasken ɗagowar ke fita, sai ta tare shi ko ta karkatar da shi. Ƙa'idar MOT ta yarda da ita matuƙar ta manne sosai, ta kawar da ɗagowar ta dama, kuma ba ta cinye hasken da yawa ba. Amma an ƙirƙire ta ne don mai tsallaka ruwa zuwa Faransa na ɗan lokaci. Ba ta ba ka hasken bakin titi na hagu, rage wanda kake da shi ma take yi. A fitila mai kwano da gilashi mai zane-zane, gane wurin mannawa da sauƙi. A fitila mai furojekta kuwa, inda duk hasken ke fitowa ta ƙwayar gilashi mai faɗin inci 2.5 ko 3, kuskuren santimita ɗaya ya isa ya ɓata aikin, kuma takardar da ke zuwa da sitikar ba ta san fitilun kasuwa ba, na kamfani kawai aka zana a ciki. Ga zafi da rana da wankin mota, waɗanda ke ɗaga gefenta, gam ɗin kuma ya bar tabo a kan gilashin roba.

Buɗe fitila shi ne gyara na gaskiya, amma ba kowace fitila ce ke karɓarsa ba. Idan mai kwano ce zalla, wato kana ganin ƙwan a tsakiyar madubi mai ɓangare-ɓangare, an riga an zuba zanen hasken a jikin kwanon tun daga masana'anta. Babu abin da za ka juya. Haka ma fitilun LED da aka like ƙwayarsu ba sukuru. Wanda ake iya gyarawa shi ne furojekta, domin abin da ke yanka layin haske a cikinsa ɗan siririn faranti ne na ƙarfe, shamaki, da ke tsaye tsakanin kwano da ƙwayar gilashi. Bakin shamakin yana da tudu ɗaya da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Gilashin yana kifa hoto, saboda haka abin da kake gani a dama a jikin bango, a hagu aka yanka shi a shamaki.

Ga yadda aikin yake. Cire kan batir, musamman idan fitilar ta zenon ce, domin wutar da ke tayar da ƙwanta ta haura bolt 20,000. Cire ƙwai, da balas (akwatin da ke ba ƙwan zenon wuta), da robobin baya, da duk sukurori da ƙugiyoyin da ke riƙe gilashi. Don ɗankon da ya liƙe gilashin ya yi laushi, sa fitilar a tanda mai zafin digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Celsius na kimanin minti 10, a kan katako, kada ta taɓa ƙarfe. Da safar hannu za ka fara ɓamɓarowa daga kusurwa ɗaya, a hankali, kana yanke zaren ɗankon kada ya zubo kan madubi. Idan ɗankon baƙi ne mai yauƙi, zai saki. Idan ka tarar da mai tauri kamar tayar mota wanda zafi bai dame shi ba, tsaya nan, domin irin wannan sai an sha wuya ko an yanka, kuma a nan ne mutane ke fasa bakin fitila.

A ciki kana da hanya biyu. Idan shamakin shimfiɗaɗɗe ne kuma ramukan sukuransa daidai suke hagu da dama, za a iya kwance shi a juya gabansa ya koma baya, tudun ya koma ɗaya gefen. Idan lanƙwasasshe ne, ko yana haɗe da ƙaramin maganaɗisun da ke kwantar da shi in an kunna ful, juyawa ba ta yiwuwa. Sai dai a sayi shamakin masu bin hagu na irin wannan furojekta, ko a canza furojektan sukutum da wanda ramukan ɗaurinsa suka yi daidai. Ni na fi amincewa da canza shi sukutum, saboda a wasu furojektoci kwanon kansa yana tura mafi ƙarfin hasken zuwa gefe guda, juya shamaki kaɗai sai ya bar tsakiyar hasken a inda ba a so. Masu goge tudun da zarto su miƙar da bakin shamaki suna samun layi a kwance wanda ba ya damun kowa, amma sun yi asarar hasken bakin titi kamar mai sitika, kuma ba a mayar da abin da aka goge.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan. Taɓa cikin madubi da yatsa ko tsumma, wanda ke goge shafin ƙyallinsa har abada. Mayar da shamaki ba a daidai nisansa daga gilashi ba, sai layin ya fito a dishe ko da shuɗi mai yawa a bakinsa. Wasa, wato ɗan zoben ƙarfen da ake sawa a jikin sukuru, mai kaurin rabin milimita na iya gyarawa ko ɓatawa. Sai rufe fitila ba tare da an gwada ba. Ka ɗora ta a motar ba gilashi, ka kunna, ka tabbata layin fitilu biyun a kwance yake kuma tsayinsu ɗaya, sannan ka rufe. A kankare tsohon ɗanko daga cikin kwarin, a shimfiɗa sabo, naɗi ɗaya na mita 4 yakan ishi fitilu biyu, a sake ɗumamawa a matse. Kada ka yi amfani da silikon na banɗaki, tururinsa yana dusar da gilashi ta ciki, kuma kada ka toshe ƙofofin shan iska na baya, in ba haka ba raɓa za ta riƙa taruwa.

Sayen wasu fitilun na masu bin hagu shi ne ya fi tsada a ido, amma shi kaɗai ne ke ba ka haske cikakke, da hatimin da ya dace da abin da fitilar ke yi, da garanti. Wadda ka buɗe ka gyara, rubutun jikinta na nan yana cewa ta masu bin dama ce. Idan har dillalin zai karɓi kayansa, ka mayar, kafin ka sa musu zafi. Idan ba zai karɓa ba kuma fitilun masu furojekta ne da ɗanko mai laushi, a canza furojekta. Sitika kuma ta riƙe ka zuwa lokacin da kayan za su iso.

Duk wadda ka zaɓa, sai an yi saiti. Tsayar da motar a fili mai daidai, mita 10 daga bango, tayoyi da iskarsu. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka sa alama a bango. A jikin fitila ko kusa da ita akwai lamba kamar 1.0% ko 1.2%, ma'anarta layin ya sauka da santimita 10 ko 12 ƙasa da alamar. Gwiwar da layin ke fara ɗagawa ta tsaya a gaban kowace fitila, ɗagowar ta tafi hagu. Ka kuma kiyaye, tun 2021 MOT tana kayar da fitilar halojin da aka cusa wa ƙwan LED ko zenon a motocin zamani.

Masu karantawa daga gida su juya maganar. Najeriya ta koma hannun dama a 1972, Ghana a 1974, Nijar kuwa dama take bi. Motar da aka shigo da ita daga Japan ko Ingila aka mayar da sitiyarinta hagu, sau da yawa ana barin fitilunta na asali. A haska bango da daddare: idan layin ya ɗaga ta hagu, a kai wa mai gyaran wuta ya canza su da na ƙasashen Turai masu bin dama ko na Amurka.