Gyara ta Windows ko gyara ta cikin Photoshop?

Duk mai haɗa laftof da monita ta biyu ya san abin nan, ana ɗauke wuta monita ta mutu, laftof na kan batir, sai ka nemi ƙananan tagogin Photoshop (panel) irin su Layers ko Color ka rasa, ashe suna can a allon da babu shi.

Hanya ta farko ta Windows ce. Ka danna Win da Shift da kibiyar hagu ko dama, taga za ta tsallako allon da kake kallo. In ta ƙi, Alt da Space sai M, ka jawo ta da kibiya. Windows 11 ma tana da wani akwati a Settings, sashen Display, ƙarƙashin Multiple displays, in ka yi masa tik tana tuna inda kowace taga take. Saurinta ba magana, amma fa babbar tagar manhaja ta fi kamawa, ƙananan panel masu yawo sau da yawa ko gezau.

Ta biyun, ta cikin Photoshop, ita na fi so gaskiya. Ka shiga menu na Window da ke saman Photoshop, sai Workspace, ka danna Reset Essentials, komai ya koma mazauninsa. Amma duk jerin da ka ɓata lokaci kana yi ya tafi kenan, shi ya sa tun kafin matsala gara ka ajiye New Workspace guda 2, ɗaya na monita biyu ɗaya na laftof kaɗai, kana zare wayar monita ka canja kawai.

In kuma taga tana fitowa rabi nan rabi can, duba Scale, wato girman rubutu da tagogi, a Display na Windows, wataƙila ɗaya na 150% ɗaya na 100%.