Emirates ko filin Tottenham, wanne ya fi cancanta ka shiga?

Salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce aiki zai kai ka Landan na ɗan lokaci, kai ba ɗan Arsenal ba ne ba kuma ɗan Tottenham ba, kuɗin tikitin wasa ɗaya kawai ka ware, kana so a faɗa maka wanne za ka shiga. Toh ni dai ɗan Arsenal ne kowa a nan ya sani, amma tunda shawara ka nema ba musun ƙwallo ba, amsata ita ce ka kalli wasa a filin Tottenham, Emirates filin Arsenal kuma ka je ka zaga shi da ƙafa a ranar da ba wasa. Bari in maka bayani.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kamfani ɗaya ne ya zana duka biyun. Lokacin Emirates sunansa HOK Sport, daga baya ya koma Populous, shi ne kuma ya yi na Tottenham. An buɗe Emirates a 2006, na Tottenham sai 2019, kaga shekara 13 ne tsakani, kuma duk abin da aka yi ta ƙorafi a kai a na farko sai da suka yi ƙoƙarin kauce masa a na biyu. Yawan mutane kusan ɗaya ne, Emirates na ɗaukar kimanin 60,700, na Tottenham 62,850. Amma kuɗin da suka ci ba a ma haɗawa, Emirates fam miliyan 390, na Tottenham wajen fam biliyan 1.

Arsenal ƙaura suka yi. Tun 1913 suna Highbury, wanda mutum 38,000 da ɗoriya kawai yake ɗauka kuma gidajen jama'a sun zagaye shi ba inda za a faɗaɗa, shi ya sa suka sayi fili a Ashburton Grove, wurin da a da har shara ake tarawa, tafiyar 'yan mintuna daga tsohon gida. Wasan farko a Emirates shi ne na bankwana da ɗan wasansu Bergkamp da aka yi da Ajax a watan Yulin 2006, Arsenal ta ci 2-1 kuma Kanu ne ya jefa ta biyun. Bashin ginin nan ne ya ɗaure kocinsu na lokacin Wenger shekara da shekaru yana sayar da manyan 'yan wasa, wallahi mu da muka kalli wannan zamanin mun san zafinsa. Su kuwa Tottenham ba su bar unguwarsu ba, White Hart Lane da suke tun 1899 suka rushe a 2017 suka ɗora sabon kusan a kan gurbinsa, suka yi zaman aro a Wembley kafin a gama, aikin ma ya yi ta jinkiri har sai 3 ga Afrilun 2019 suka buɗe da Crystal Palace, 2-0, Son Heung-min ya ci ƙwallon farko.

Yanzu ga inda bambancin yake da gaske, wato cikin filin. Emirates kamar kwano yake, zagaye sumul, kujeru masu soso da faɗi, duk inda ka zauna za ka ga fili tas, ciyawar nan kuwa ba a magana don an karkato rufin ne ciki saboda rana da iska su samu shiga. Matsalar ita ce an saka hawa na masu hannu da shuni a tsakiya ya zagaye filin gaba ɗaya, ya raba 'yan ƙasa da 'yan sama, idan an dawo hutun rabin lokaci sai ka ga wannan layin fayau mutanensa suna ciki suna cin abinci, waƙa ta taso daga ƙasa kafin ta kai sama ta mutu a hanya. An samu gyara sosai a shekarun koci Arteta, yanzu kafin a take wasa kowa na ɗaga gyalensa ana waƙa tare, amma ginin kansa bai taimaka ba, magoya baya ne suka yi da ƙarfinsu.

A Tottenham kuwa bayan ragar kudu hawa ɗaya ne tak daga ƙasa har sama, kujeru 17,500 ba abin da ya raba su, sun kwaikwayo ne daga na Dortmund a Jamus. Layin farko 'yan mitoci ne kawai tsakaninsa da raga, ga shi a miƙe yake sosai, in kana can sama ka leƙo ƙasa sai ka ji ƙafarka ta ɗan yi sanyi, kuma idan aka ci ƙwallo a wannan ragar ihun ba ya fita waje, rufin ne ke dawo da shi kanka har a ƙirji za ka ji. Wannan shi ne abin da talabijin ba zai taɓa ba ka ba, kuma shi ya sa na ce can za ka kai kuɗinka. A saman rufin wannan ɓangaren akwai zakaran zinariya, tambarin kulob ɗin, ana ma hawa da mutane har wurinsa a ɗaure da igiya in kana da zuciya. Sannan ciyawar kanta tana rabuwa gida 3 ta shige ƙarƙashin kujerun kudu, sai filin roba ya bayyana a ƙasa na ƙwallon Amurka, shi ya sa ake dambe da manyan taruka a wurin ba tare da an lalata ciyawa ba, a nan Usyk ya doke Anthony Joshua a 2021.

Amma fa wajen zuwa da dawowa Emirates ya fi shi nesa ba kusa ba. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai suna Arsenal tana nan kusa, ga Finsbury Park ga Highbury & Islington duk da ƙafa za ka ƙarasa. Na Tottenham ba shi da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a kusa, in ka sauka a Seven Sisters sai ka taka kamar minti 30, ko ka shiga jirgin ƙasa mai bi ta waje zuwa tashar White Hart Lane wanda bayan an tashi layinsa sai ka yi haƙuri. Ka fita da wuri, kar ka yi sauri wajen komawa, ka ɗan zauna a ciki cunkoso ya ragu.

Ranar da za ka je Emirates ka sauka a tashar Arsenal, za ka fito ne cikin layin gidaje tsit kamar ba komai, kana shan kwana sai ga gada ga filin a gabanka. Zagaya shi kyauta ne, ga mutum-mutumin Henry a durƙushe, ga Tony Adams ya buɗe hannuwa, ga Bergkamp a sama yana tare ƙwallo, ga Herbert Chapman, ga na Wenger da aka kafa a 2023 riƙe da kofin firimiya. Daga nan ka taka zuwa tsohon Highbury, an mayar da shi gidajen kwana amma fuskar ginin gabas tana nan yadda take, inda ciyawar take a da yanzu lambu ne. Masallacin Finsbury Park ma yana nan kusa in lokacin sallah ya same ka.

Maganar tikiti dan Allah ka kula. Duka biyun sai ka yi rajistar zama memba a shafin kulob kafin ka samu na firimiya cikin sauƙi, kuma na Arsenal ya fi wuyar samu, wannan ma wani dalili ne. Wasannin kofi sun fi sauƙi da araha. Kar ka saya a hannun 'yan bumburutu, doka ta hana a Ingila, za a iya tsayar da kai a ƙofa kuɗinka ya tafi. Tikitin a waya yake zuwa don haka ka cika caji, ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki sai kati, babbar jaka ba ta shiga. In a Disamba ne ka tuna rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, wasan ƙarfe 3 zai haɗa da magariba sai ka tsara sallarka, ka kuma saka rigar sanyi mai kauri. Sannan komai son da kake wa jan kaya kar ka saka shi ranar da za ka zauna cikin 'yan Tottenham, don kalar Arsenal ce.