Gidan motsa jiki mai arha na awa 24: abin da kuɗin wata ke saya maka

A manyan birane irin wannan gidan motsa jikin ya yi yawa: katafaren ɗaki guda, na'urorin gudu jere kamar sojoji, ƙofa mai buɗewa da kati ko lambar sirri, dare da rana ba a rufewa, kuɗin wata kuma ɗan kaɗan ne da ake cira daga asusun banki. Ga wanda ya san atisayen da zai yi, kuma yake da damar zuwa lokacin da babu cunkoso, cinikin ya yi. Sabon shiga, da mai son ɗaga ƙarfe bayan an tashi aiki, su ne ya kamata su buɗe ido kafin su sa hannu a takarda.

Dalilin arhar shi ne ana yi wa mutane rajista fiye da yadda ɗakin zai ɗauka, saboda an san yawancinsu ba za su riƙa zuwa ba. Wani bincike da masana tattalin arziki Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier suka wallafa a 2006, kan mambobi 7,752 na gidajen motsa jiki 3 a Amurka, ya gano cewa masu biyan kuɗin wata mai tsada kusan sau 4 kacal suke zuwa a wata, har kowace ziyara takan tsaya musu da tsadar da ta zarce ta mai sayen tikitin ziyara 10 da kusan kashi 70 cikin 100. Don haka lissafin farko naka ne: raba kuɗin wata da yawan zuwan da ka san za ka iya, ka gwada da kuɗin shiga na rana ɗaya.

Nisa ne ke kashe zuwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Idan gidan yana da nisan minti 25 daga inda kake, zuwa da dawowa sau 3 a mako minti 150 ke nan a hanya, daidai da mafi ƙarancin abin da ake so ka kashe kana motsa jikin. Auna nisan a lokacin da motoci suka cika titi, taswirar waya da tsakar dare ruɗi ce.

Ɓangaren na'urorin gudu da kekuna shi ne ƙarfin irin waɗannan gidaje, kuma a nan sun cancanci yabo. Yawanci kayan manyan kamfanoni ne irin su Technogym, Life Fitness ko Matrix, waɗanda aka ƙera don aikin yini guda. Sai dai sunan kamfani ba ya nuna kulawa. Hau na'urar gudu, ka sa ta a kilomita 5 a awa, ka taka da ɗan ƙarfi. Idan bel ɗin ya ɗan tsaya duk lokacin da ƙafarka ta sauka sannan ya fizga, ko dai ya saki ne, ko kuma katakon da ke ƙarƙashinsa ya bushe babu mai. Wannan gogayyar ita ce ke sa injin zafi har ya ƙone, kuma fizgar tana iya kayar da mai gudu. Bel da ya karkata gefe guda yana cin bakinsa alama ce ta ba a daidaita kusoshin baya ba, aikin minti 5 da wani ya ƙi yi. Duba kuma ko igiyar tsayar da gaggawa, wadda ake maƙalawa a riga, tana nan. Takardar "ta lalace" a jikin na'ura ba abin kunya ba ce, ko'ina kaya na lalacewa. Abin lura shi ne ka dawo bayan mako ɗaya ka ga ko takardar na nan.

Na'urori masu igiyar ƙarfe ma suna faɗin gaskiya. Bi igiyar da yatsa, musamman wurin da take lanƙwasawa a kan 'yar taya da kuma inda ta haɗu da maƙalin hannu. Idan robar da ta lulluɓe ta ta tsage har zaren ƙarfen ya fito, wata rana za ta tsinke, kuma tsinkewar takan zo ne daidai lokacin da mutum ya ja da iya ƙarfinsa. Nauyin ya riƙa hawa da sauka sumul. Idan yana cijewa, sandunan da yake bi a kansu sun yi datti.

Inda arhar ke bayyana sosai shi ne wurin ɗaga ƙarfe. Sau da yawa za ka ga na'urorin gudu 30 amma kejin tsugunne, wato firam ɗin da ake ɗora sandar ƙarfe a kai don atisayen tsugunne da nauyi, guda 2 kawai. Mutum ɗaya yakan riƙe keji minti 15 zuwa 20, ma'ana a awa 2 na cunkoson yamma keji 2 ba za su wadatar da mutum fiye da 16 ba. Sauran sai tsayuwar jira, jiki ya huce, atisayen minti 45 ya koma awa ɗaya da rabi. Shi ya sa zagayen da ma'aikaci zai yi da kai da ƙarfe 11 na safe ba ya nuna komai. Nemi kwanan gwaji, ka je a ranar da sa'ar da za ka riƙa zuwa, ka ƙirga masu jira.

Kayan kansu akwai yadda ake gwada su. Sandar ƙarfe ta ƙa'ida kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ta mata kuma kilo 15 ce mai siririn mariƙi, gidan da ya ajiye ta biyun ya san abin da yake yi. Mirgina sandar a ƙasa: idan tana rangaji ta lanƙwashe. Juya bakinta inda ake zura faifan nauyi. Ya kamata ya juya ba tare da cijewa ba, in ba haka ba wuyan hannu da gwiwar hannu ne ke shan wahalar. Kejin ya kasance da sandunan kariya na gefe da ake iya ɗagawa da saukarwa, domin su ne ke tare nauyin idan mutum ya kasa miƙewa. Sai wani ƙaramin abu da ba a cika tambaya ba: faifan kilo 1.25. Idan mafi ƙanƙanta a gidan na kilo 5 ne, duk ƙarin da za ka yi kilo 10 ne a lokaci guda, wanda ya yi wa kafaɗa da ƙirjin sabon shiga yawa. Haka ƙarafan hannu, su zo bibbiyu a jere ba giɓi, daga kilo 2 zuwa sama.

Iska wani wuri ne da ake yaudarar mai saye. Sanyin ɗaki daban, sabuwar iska daban. Ƙananan na'urorin sanyaya ɗaki na jikin bango iskar cikin ɗakin suke juyawa, ba sa shigo da ta waje. Idan madubi ya yi hazo da yamma, ko warin gumi ya tarbe ka tun daga ƙofa, iskar ba ta fita. A banɗaki kuma dubi magudanar ruwa da tsakanin tayil. Ruwa mai kwanciya shi ne gidan ƙwayoyin da ke kawo ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa da makero, don haka silifas na wanka dole ne ko da wurin na ƙyalli. Benci mai yagaggiyar fata soso ne mai shan gumin kowa, goga ba ta tsabtace shi.

Batun awa 24 ɗin yana da daɗin ji, amma a gidaje da yawa babu ma'aikaci ko ɗaya da dare, sai kyamara da maɓallin neman agaji. Tambayi sa'o'in da ake da mutum a wurin, da inda aka rataye na'urar farfaɗo da zuciya da ake kira AED, da ko ma'aikatan sun iya amfani da ita. Idan zuciya ta tsaya, kowane minti ɗaya na jinkiri yana rage damar tsira ƙwarai. Masu horarwa kuwa a irin wannan tsari galibi ba sa cikin kuɗin wata, kuɗinsu daban ne, wasu ma hayar wurin suke yi. Nagari zai fara da tambayar ciwon da kake da shi, hawan jini, tsohon rauni, da magungunan da kake sha. Wanda ya fara da tallan garin ƙara tsoka, ka san inda ya dosa.

Takardar yarjejeniya ce ta fi cin mutane. Kuɗin da aka rubuta da manyan haruffa sau da yawa na wanda ya ɗaure kansa wata 12 ne, ga kuɗin rajista, wani lokaci har da na gyaran kaya sau ɗaya a shekara. Karanta wurare 3 da kyau: ko yarjejeniyar tana sabunta kanta idan wa'adi ya cika, notis na kwana nawa ake bayarwa kafin fita, da ko ana iya dakatar da biya saboda rashin lafiya ko tafiya. Daina zuwa ba ya tsayar da cire kuɗi, kuma toshe katin banki ba tare da soke yarjejeniyar ba yana iya komawa bashi a kanka. Fara da tsarin wata-wata ko da ya ɗan fi tsada, sai ka ga zuwanka na wata 3 kafin ka ɗauki na shekara. Ranar da za ka fita kuma, ka soke a rubuce, ka karɓi shaida mai kwanan wata, sannan ka duba asusunka a watan da ya biyo baya.