Lesin JAMB mai raba ɗalibai gida huɗu a Gusau

Akwai wata cibiyar lesin a Gusau da ke tallar cewa sai ta gano salon koyon yaro kafin ya zauna aji. Ana ba shi takardar tambayoyi 16 irin ta VARK, tsarin da Neil Fleming ya fito da shi a 1987. Daga amsoshinsa ake ce masa da ido yake koyo, ko da kunne, ko da karatu da rubutu, ko da aikin hannu, sannan a tura shi ajin 'yan uwansa.

Wannan rabon shi ne raunin cibiyar. A 2008 Harold Pashler da wasu masana uku sun tace binciken da aka yi kan batun, ba su sami hujjar da ta isa ta nuna cewa koyar da yaro ta salon da ya fi so na ƙara masa maki ba. Darasi ne ke zaɓen hanyarsa. Taswira sai an gani, lafazin Turanci sai an ji. Gwajin asid da alkali kuwa sai yaro ya ɗiga ruwan da hannunsa har launi ya juya. Abin takaici, yarinyar da aka laƙaba wa "mai kunne" takan daina zana zuciya ta sa wa sassanta suna a Bayoloji, alhali ranar jarrabawa babu mai tambayar salonta.

Inda suka ciri tuta shi ne ɗakin kwamfuta. Duk Asabar ana gwaji sak irin na JAMB: tambayoyi 180, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40, cikin awa biyu. Yara na sabawa da danna N su ci gaba, P su koma baya. Da an tashi malami ya bi tambayoyin da yara suka kasa amsawa daidai ɗaya bayan ɗaya, bayan mako biyu ya sake cusa su cikin sabon gwaji. Haka mahaddaci ke tilawa, ya rufe allo ya kawo daga ka, kuma wannan ne ke zaunar da karatu.

Kwamfutocin dai sun yi kaɗan, ana bin layi, in wuta ta ɗauke kafin a tada janareto gwajin yakan katse.

Iyaye su kai yaro don gwajin Asabar da gyaran da ke biyo baya. In an nemi ƙarin kuɗin gano salo, kada a biya, a nemi a sa shi ajin da ake zane da bayani da gwaji gaba ɗaya.