Kiɗan ya yi, amma allura ta ƙi zama a kan faifan

Kiɗan da ke cikin faifan garmahon nan ba shi da laifi ko kaɗan, gara in faɗi haka kafin ɓacin rai ya kwashe ni. Wani ƙaramin kamfani ne a nan Landan ya fitar da shi, cikin waɗanda suka taso suna farfaɗo da jangul irin na da, wato kiɗan rawan nan mai saurin ganga da ake haɗawa da na'ura. Kun san yadda suke yi, kwafi kaɗan suke bugawa, in ka yi sanya sai dai ka saya a hannun 'yan sari da ɗan karen tsada. Shi ya sa na biya tun kafin a buga. Na sha jira, kullum uzurin ɗaya ne, wai layi ya yi tsawo a masana'antar buga faifai. Wannan bai dame ni ba.

Da na ɗora gefen farko, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Yaron da ya haɗa kiɗan, da ganin hotonsa ba a haife shi ba lokacin da gidan rediyon Kool FM ke watsa jangul a ɓoye daga dogayen benayen gabashin Landan, amma ya kamo abin daga tushe. Gangar Amen ya ɗauko, 'yan daƙiƙun nan da Gregory Coleman ya buga a faifan The Winstons na 1969, ya yayyanka ta gunduwa-gunduwa, ya ƙara mata gudu har ta haura bugu 160 a minti. Bai wanke sautin ya yi tas ba, ya bar masa kaushin nan na tsofaffin na'urorin haɗa kiɗa na Akai, kuma bes ɗin, wato sautin nan mai kauri, na tafiya a hankali a ƙasa, rabin gudun gangar, irin gadon da aka samo daga manyan lasifikokin 'yan Jamaika. Waƙa ɗaya ce tal a gefen, a gudun 45, wato juyi 45 a minti, don haka sauti ya samu wurin sakewa. Gilashin tagar ɗakina har karkarwa yake yi. A wannan lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya je ya nema.

Sai na juya gefe na biyu.

Tun kafin allura ta sauka na ga hannun garmahon zai sha wuya. Faifan a lanƙwashe yake daga baki. Na haska fitilar waya daga gefe, ina kallon hannun yana hawa yana sauka kamar kwale-kwale a kan igiyar ruwa. Ya daure a farkon waƙar, inda babu komai sai muryar mace da sanyin sauti. Daidai wurin da ganga da bes za su faɗo tare, wurin da duk mai son jangul ke riƙe numfashi yana jira, sai allura ta yi tsalle ta dira can gaba. Na mayar, ta sake. Na goge faifan, na duba nauyin allura, na kai shi gidan wani abokina mai garmaho ƙirar Technics 1210, nan ma a wuri ɗaya ta tsallake. Abin takaicin, wannan waƙar ce ta sa na saya tun asali.

Na tura wa kamfanin bidiyo. Amsar da suka ba ni ita ta fi lanƙwasar ɓata min rai. Wai ɗan lanƙwasa ba wani abu ba ne, haka faifai ya gada, in ƙara wa allura nauyi ko in ɗora kwabo a kanta. Haba jama'a! Wanda ke sayar da faifai ne zai ce in danne allura ta riƙa cin layukan faifan? Kuma kwafi ya ƙare, babu na canji. Ko haƙuri ba su ba ni ba.

Daga nan ne na soma jin sauran laifukan da daɗin gefen farko ya rufe min. Waƙa uku suka cusa a gefe na biyu, a gudun 33. Bes yana cin fili a jikin faifai, sai an ba shi layi mai faɗi, don haka in ka tara mintoci da yawa a gefe ɗaya dole mai yankan ya rage ƙarar. Haka kuwa aka yi, sai ka murɗa sauti sosai kafin ka ji shi a ƙirji. Waƙar ƙarshe da ke kusa da tsakiya kuma, kwanukan gangar sun dushe, sai shuuu kawai kake ji. Ina da tsofaffin faifan kamfanonin Moving Shadow da Reinforced da na tsinta a shagunan gwanjo, sun haura shekara 25, duk sun sha hannu, amma har yau in suka buga sai maƙwabci ya sani. Waɗancan mutanen don filin rawa suke yankan faifai. Waɗannan kuwa kuɗin sun tafi ne a kan launin roba mai ɗigo-ɗigo da zanen bango irin na takardun tallan casun 1994. Bangon ma siriri ne, kuma a kwalin da ba shi da ƙwari suka aiko shi, ina zargin a hanya zafi da danniya suka lanƙwasa shi.

Yaron da ya yi kiɗan ina tare da shi, duk abin da ya sake fitarwa zan saya, amma ta intanet zan sauke. Kamfanin kuwa ba zan ƙara biyansu kuɗi kafin in ga kaya ba. Na nemi su mayar min da rabin kuɗina tunda rabin faifai na samu, har yanzu shiru.